Jan Farcen Anti Kande

Ba zan tsaya kan ranar da na bar Kafanchan ba. Duk wanda ya taɓa yin rakiya tashar mota ya san yadda ake yi: a yi addu'a, a share hawaye, a cusa maka ƙullin yaji a jaka. Labarina ya fara ne daga ranar da na tsinci kaina a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, ruwa na zuba, ni kuma ina tsaye da akwati biyu da takalmin zuwa coci.

Sunana Rifkatu. 'Yar Kagoma ce ni, aure da aikin jinya suka zaunar da ni a Kafanchan. Na baro mijina Bulus, malamin sakandare, da yaranmu biyu, Godiya da Ishaku, na je kula da tsofaffi a gidajensu. Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu: takardar zamana a ƙasar ɗaure take da wannan aiki. Ranar da aikin ya tafi, ni ma sai in naɗe tabarmata, kuma karatun yaran nan a kan aikin yake tsaye.

Zangona na farko gidan wani ɗan ƙasarmu ne da muka haɗu ta waya. Tun ina gida yake kirana "sista", yana ce mini ɗakina na nan a share. Da na iso sai na tarar ɗakin ajiyar kaya ne a ƙarƙashin matakala, babu taga, babu abin ɗumama ɗaki, ga tsofaffin kekuna biyu da za mu raba wurin da su. Ban yi faɗa ba, don baƙo ba ya faɗa da wanda ke riƙe da makulli. Na kwana da rigar sanyi da safa har Allah ya haɗa ni da wani ɗaki a gidan wata Baturiya mai kyanwoyi huɗu, waɗanda har na bar gidan ba mu shirya da su ba.

Aikin kansa bai dame ni ba. Wanda ya yi aikin jinya a asibitin da ake ɗauke wuta ana tsakiyar karɓar haihuwa, wankan tsoho ba zai ba shi tsoro ba. Hanya ce ta gasa mini aya a hannu. Tsofaffin nan a warwatse suke cikin ƙauyuka, tsakanin wannan gida da wancan sai gonakin tumaki, bas kuma ba ta zuwa sai ta ga dama. Ban taɓa zaton zan yi kewar ɗan acaba ba. Na sha tsayawa a bakin titi ruwa na dukana, ina tuna yadda a Kafanchan ɗaga hannu kawai za ka yi, uku su taso maka suna rigima a kanka. Sai in isa a makare, in tarar tsohuwa zaune a bakin gado tana jiran shayi da magani, ta ce mini ba komai. Wannan "ba komai" ɗin ya fi zagi ciwo.

Wata rana shugabarmu ta wurin aiki ta kira ni ofis. Ta ce tsofaffi suna yabona, amma in ban samu mota ba dole ta rage mini aiki, kuma in aikin ya ragu da yawa ba za su iya ci gaba da tsaya wa takardata ba. Cikin murmushi ta faɗa, haka suke yi.

A cikin wannan hali ne na samu coci. Wata Lahadi da rana na bi kwatance zuwa wani zauren taro da ake haya, tun daga ƙofa na ji ana waƙa da Hausa. Na tsaya a nan ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa, alhali murna ce. Wata tsohuwa gajera mai tabarau ta fito ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yarinyan ina?"

Na ce Kagoma.

"Ai ke na gida ne. Share hancinki ki shigo, sanyi yana shiga mana."

Ita ce Anti Kande, mutuniyar wajen Zangon Kataf, tsohuwar nas da ta yi ritaya a can. Marigayi mijinta makaniken jirgin ƙasa ne a Kafanchan tun zamanin da jirgi ke jirgi. Ranar ta sallame ni da kula cike da gwaten acca. Da na cinye na juya kular zan wanke, sai na ga jan layi a gindinta, na jan farce. Na yi dariya ni kaɗai. Haka mamana ke yi, haka duk matan zumuntar coci ke yi a wajenmu: kwano, cokali, faranti, kowace da alamarta, don in an kai abinci gidan biki ko gidan makoki kayan kowa su koma hannun mai su. Ashe har Ingila al'adar ta biyo mu.

Na iya tuƙi tun a gida, amma sai da na sake jarrabawarsu. Karon farko na faɗi, saboda na hango wani ɗan cocinmu a gefen titi na danna masa ham. Mai jarrabawar ya tambaye ni wane haɗari na gani, na ce ba haɗari, gaisuwa ce. Karo na biyu na riƙe gaisuwata a ciki, na ci.

Daga nan sai wurin dilan motoci da ke bayan gari. Wanda ya tare ni sunansa Kevin, dogo, mai fara'a. Ya tambayi sunana sau ɗaya ya riƙe, kuma ya faɗe shi daidai, ba irin "Rifi" da "Katu" da sauran ke yanka mini shi ba. Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai gane girman wannan ba. Ya nuna mini wata ƙaramar mota shuɗiya, ta hannu ce amma fes da ita. Ya ce akwai garanti: muddin ina kawo ta sabis a garejinsu a kan lokaci, duk abin da ya sami inji nasu ne. Na sa hannu.

Lahadin da ta biyo baya aka keɓe motar. A wajenmu ba a hawa sabuwar mota haka kawai kamar an tsinto ta. Bayan sujada jama'a suka kewaye ta a filin ajiye motoci, ko lambobin farashin da aka manna a gilashin gaba ban samu na ɓare ba. Fasto ya ce a buɗe bonet, don a nan zuciyar mota take. Mata suka ɗauki waƙa, na ba wata 'yar'uwa wayata tana ɗaukar bidiyo, Turawa masu wucewa da karnukansu suna waiwaye. Ana cikin addu'a na buɗe ido ɗaya, sai ga Anti Kande ta tura kai cikin inji da kwalbar jan farce a hannu. Ta ɗiga wa batir. Ta lalubo wani baƙin gwangwani a gefen inji, wanda daga baya na san shi ne filtar mai, ta ja layi daga jikinsa har kan ƙarfen da aka ɗaura shi. Daidai nan jama'a suka ce "Amin" da ƙarfi, hannunta ya goce, layin ya yi wutsiya kamar ƙugiya.

Na matsa kusa na ce, "Anti, don Allah ki bari, kina ba ni kunya. Nan ba Najeriya ba ne. A nan ba a cuta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baban yara haka ya ke yi ma noti na jirgi. In wani ya taɓa, layi zai rabu. Makanike makanike ne, ko a sama ya ke aiki."

Na tura wa Bulus bidiyon da gargaɗi: ya nuna wa mamana kaɗai, kada ya wuce nan. Na san mutanenmu. In aka ji na sayi mota a Ingila, har wanda muka yi firamare tare zai tuna yana da ciwon da ke buƙatar aiki.

Abin da ya biyo baya shi ne zango mafi daɗi a tafiyata. Na daina makara. Na san kowace kwana ta waɗannan siraran hanyoyi, na san gonar da tumakinta ke tsallake shinge. Ina tuƙi ina waƙoƙin zumunta da ƙarfi, ba mai ce mini muryata ba ta da daɗi. A cikin tsofaffina akwai Baba Harold, tsohon makiyayin tumaki da matarsa ta rasu, gidansa ne na ƙarshe a kan tudu. Farkon zuwana ko kallona ba ya yi. Ranar da na dafa masa shayi da cittar Kagoma ya yi tari har da hawaye, ya ce na zo kashe shi. Washegari ya tura mini kofi ya ce, "Irin gubar jiya." Tun daga nan kullum sai na tarar ya ajiye mini ƙwai a kwali a bakin ƙofa, wai kajin maƙwabcinsa sun yi yawa. Nakan ba shi labarin gonar cittarmu da yadda ake yanka ta a shanya a kan dutse, shi kuma ya ba ni labarin karnukan da ya yi kiwo da su, kowanne da sunansa da halinsa.

Sau biyu na kai motar sabis, kuma duk a kan lokaci. A gida, wa ya isa ya bar mota wurin makanike ya tafi? Bulus kan zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, a fasa galan ɗin baƙin mai a gabansa, a yi juye yana kallo, sannan ya karɓi tsohuwar filtar ya jefa a but ɗin mota, ko me zai yi da ita oho. A nan kuwa kujera mai laushi aka ba ni, da shayi, da talabijin. Na miƙe ƙafa na ce lallai na zo ƙasar da mutum zai huta da zargi. Nakan tafi wa Kevin da kwalbar ruwan citta da cincin, don a wajenmu makanikenka mutuminka ne, ana kyautata masa. Duka biyun ya tambaye ni, "Kina so in buga miki takardar aikin? Komai dai yana cikin kwamfuta." Duka biyun na ce a'a, ya bar shi. Yaya zan karɓi rasit a hannun wanda ya ci cincin ɗina? Ai kamar na ce masa ban yarda da shi ba ne. A zuwa na biyu ya miƙo mini makulli ya ce motar lafiyarta ƙalau.

Wata safiya ina hawan tudun gidan Baba Harold, jar fitila ta kama a gabana. Kafin in samu inda zan raɓe, injin ya yi wata ƙara irin ta injin niƙa da ya haɗiyi dutse, ya mutu. Na fito na tsaya, tumaki suka ɗago suna kallona suna tauna. Na kira janwe, sannan na ƙarasa gidan tsohon da ƙafa, don maganinsa ba ya jiran makanike.

Ban damu sosai ba, ai akwai garanti, kuma akwai Kevin. Da suka kira ni na je har da fara'ata. Na tarar Kevin ya zama wani mutum daban. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya ce injin ya buga, sai dai sabo. Ya nuna mini layi-layi: zuwa na farko an yi juye an canja filta, zuwa na biyu an yi juye an canja filta. A ƙarƙashin na biyun kuma an rubuta cewa an shaida wa mai mota mai yana yoyo, ta ƙi yarda a gyara. Saboda haka garanti ya faɗi, gyara a kaina yake. Ya faɗi kuɗin. Ko an sayar da gonar cittarmu da filin Bulus ba za su kai ba.

Na ce, "Kevin, kai da bakinka ka ce mini lafiyarta ƙalau."

"Madam, mutane da yawa nake gani, ba zan iya tuna kowace magana ba. Abin da ke rubuce muke bi. Kina da taki takardar?"

Ba ni da ita. Amma gaskiya ba takardar ce ta fi ƙona mini rai ba, "madam" ɗin nan ce. Mutumin da ya fi kowa iya sunana a garin ya ajiye shi ranar da na fi buƙatar a kira ni da shi.

Shugabarmu ta ara mini motar ofis zuwa ƙarshen wata. Bayan nan, in ji ta, sai dai mu zauna mu duba. Na san abin da "mu duba" ke nufi. Na kira Bulus na gaya masa komai. Ina jin hayaniyar yara da ƙarar janareton maƙwabta ta bayansa, sai ya ce:

"Maman Godiya, in ya gagara ki dawo. Ba korar ki aka yi daga gida ba."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma Godiya ta shiga ajin ƙarshe, yarinyar da tun tana ƙarama take ɗaura wa 'yar tsana bandeji tana cewa ita likita ce. In na dawo hannu rabbana, da wane baki zan gaya mata? Tsoro ya kama ni sosai.

Baba Harold ne ya lura. Ya ce shayin yau babu guba a ciki, me ya faru? Na zayyana masa. Sai ya ce, "Kada ki yi gardama da kwamfuta, abin da aka gaya mata take maimaitawa. Motar za ki tambaya. Motarki ce, kina da iko ki kai naki makaniken ya duba ta a gabansu." Ya sa na miƙo masa waya, ya kira wani Tom mai gyara wa manoman wurin tarakta, ya yi masa magana kamar yana ba kare umarni. Tom ya ce zai zo.

Da Anti Kande ta ji, ba ta ce "ai na gaya miki" ba, kuma har gobe ina gode mata a kan wannan. Cewa kawai ta yi za ta bi mu. Ta zo da zanen zumunta da ɗankwali, da babbar jaka a hammata, kamar mai zuwa taron shekara.

Manajar wurin, wata mace mai gajeren gashi da ake kira Helen, ta fito da kanta, Kevin na biye da ita. Tom ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance noti, abin da ya fito ba mai ba ne, wani baƙin abu ne mai kauri kamar kwalta. Ya murza a yatsa ya ce wannan ya daɗe bai ga canji ba. Kevin ya ce yoyo da zafin inji na iya mayar da mai haka. Suka shiga Turancin makanikai, ni dai ina tsaye ina bin bakinsu da ido.

Anti Kande ta ture ni gefe ta tura kai cikin inji. "Rifkatu, haska mani nan." Ta ciro hankici ta tofa masa yawu, ta goge jikin baƙin gwangwanin nan. Ga jan layi ya fito, daga jikin filta har kan ƙarfe, bai rabu ba ko kaɗan, ga 'yar wutsiyarsa. Ta miƙe ta gyara tabarau, ta yi musu bayani da Turancinta na tsohuwar nas, a hankali kamar tana koya wa ɗalibai allura. Tom ya leƙa, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce ba a canja filta sai an kwance ta, kuma sabuwar filta ba ta zuwa daga kanti da rabin layin wani a jikinta.

Helen ta daɗe tana kallon layin. Ba ta yi musu ba, amma ba ta sallama ba. Ta ce, "Na gani. Sai dai ban san ranar da aka ja shi ba. Ana iya jan sa bayan sabis na biyu. In kuna da abin da zai nuna lokacin, ku kawo mini."

Na tuna bidiyon ranar keɓe motar. Wayar da aka ɗauki bidiyon da ita ta daɗe da nutsewa a bahon wankan wata tsohuwa. Na kira Bulus tun daga filin ajiye motoci, ya ce ya goge tuntuni, wayarsa ta cika. Saura mutum ɗaya. Na kira Kagoma.

"Mama, bidiyon motar nan da Baban Godiya ya tura miki, yana nan?"

"Wayan ya faɗi a rijiya tun kakan bara."

Na dafe kai. Sai na ji ta yi gyaran murya irin na wanda ke da magana a ciki.

"Amma na tura ma mutum ɗaya."

"Mama, ba na ce kada a nuna wa kowa ba?"

"Mutum ɗaya ne kawai. Maman Fasto."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye na zuba. Wanda ya gaya wa matar fastonmu na Kagoma magana ai ya yi shela a kasuwa. Na ce Mama ta gaya mata ina neman bidiyon. Kafin in kai Anti gida wayata ta fara ƙara, kuma ba ta huta ba har washegari. Bidiyon ya dawo mini daga Kagoma, ya dawo daga Kafanchan, ya dawo daga Nok wurin wata da ban taɓa jin sunanta ba, kowanne da gaisuwa da addu'a a ƙarƙashinsa. Ashe motata ta zaga kudancin Kaduna kaf ba ta ƙona ko ɗigon fetur ba. Mutanen da na ɓoye wa don kada su roƙe ni, su ne suka ajiye mini shaidata, kuma ko ɗaya a cikinsu bai roƙe ni komai ba. Na ji kunya ƙwarai.

Muka koma ofishin Helen. Na ɗora wayar a teburinta na kunna. Ga lambar motar, ga lambobin farashinsu manne a gilashi, waɗanda su da kansu suka san ranar da suka manna. Ga Fasto da hannu a sama, ga kan Anti cikin inji, ga "Amin", ga hannu ya goce. 'Yar'uwar da ta ɗauka ta matso da wayar sosai, don ita abin dariya ta gani. Sai muryata ta fito, ina magana ƙasa-ƙasa cikin fushi.

Helen ta tsayar da bidiyon. "Me kike ce mata a nan?"

Na so in ce ba komai. Anti ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce, "Ina ce mata ta bari, tana ba ni kunya. Ina ce mata nan ba ƙasarmu ba ce, a nan ba a cuta."

Na ga jini ya hau wuyan matar nan har kunnuwanta. Kevin yana kallon takalminsa. Ta nemi in tura mata bidiyon, ta fita, ta bar mu da shayin da ba wanda ya taɓa. Da ta dawo ta ce injin a kansu yake, za su ba ni wata motar in riƙa hawa har a gama, kuma za ta binciki yadda aka rubuta aikin da ba a yi ba. Ta ba ni haƙuri, ta tambaye ni yadda ake faɗin sunana, ta gwada har ta iya.

Ban sake ganin Kevin a teburin nan ba, kuma ban tambaya ba. Ban san ko shi ya rubuta ko rufa wa wani asiri ya yi ba. Na yi zaton zan ji daɗi, amma abin da na ji ya fi kama da na wanda ya rasa maƙwabci. A mota Anti ta ce, "Kada ki ce dukan su haka ne. Wanda ya kira Tom fa? Ki yi alheri, ki kuma ja layi. Biyun ba su faɗa."

Aikina ya tsaya da ƙafafunsa. Yanzu in na kai sabis nakan kai cincin, in kuma karɓi takarda, in tsaya a jikin gilashi ina kallo kamar Bulus a ƙarƙashin mangwaro. Akwai kwalbar jan farce a aljihun motar. Ranar da za a kwantar da Baba Harold asibiti don aikin ido, ya miƙo mini sandarsa ya ce in yi mata irin abin nan namu, asibiti ɓarayin sanda sun yi yawa.

Hutuna na farko da damina na zo gida, gonakin citta sun yi kore shar tun daga bakin hanya. Godiya ta fi ni tsawo, ta kuma samu gurbin karatun da take so. A Kagoma kuwa ba a tambaye ni Ingila ba, motar ake tambaya, ko ta warke. Yaran unguwa na bina a baya suna maƙale murya suna cewa, "Nan ba Najeriya ba ne." Na ba su alewa.

Safiyar da zan koma, mamana ta zo Kafanchan da ƙullin citta na Baba Harold da acca ta Anti Kande. Ta zauna a bakin gado tana kallona ina ɗaure kaya. Can ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar kwalbarta, wadda ta kusa bushewa, ta ɗiga wa akwatin a gindi. Na ce Mama, ai akwai sunana a jiki. Ta kamo hannuna na dama, ta juya shi, ta ja layi ɗaya a kan farcen babban yatsana, tana hura masa iska don ya bushe.

"Wannan kuma na mene ne, Mama?"

"Aro na ba su," in ji ta. "In sun gama da ke, su san gidan da za su mayar."

Ban goge shi ba. Da shi na riƙe sitiyari a hanyar gidan Baba Harold, har farcen ya girma ya fitar da shi da kansa.